Sa Ido, Tiyata ko Gashi: Zaɓin da Ke Gaban Wanda Aka Gano wa Sankarar Furostet da Wuri

Kusan duk mutumin da likita ya shaida wa cewa an ga sankara a furostet ɗinsa, da zarar hankalinsa ya dawo jikinsa, abin da yake fara faɗa shi ne, "Likita, a cire min ita kawai in huta." Wannan ba abin mamaki ba ne, domin abin da kowa ya sani game da sankara shi ne ba a yi mata sanyin jiki. Sai dai wannan sankarar, muddin an same ta a cikin furostet ba ta tsallaka ko'ina ba, halinta ya sha bamban da na sauran, kuma gaggawar da ke ceton ran mai sankarar huhu tana iya jefa mai wannan cikin wahalar da ba dole ba ce a kansa. A mafi yawan lokuta mutum yana da makonni, har da 'yan watanni, da zai zauna ya auna hanyoyi uku da ke gabansa: a sa wa cutar ido ana bibiyarta, ko a cire furostet ɗin da tiyata, ko a gasa ta da haske mai ƙarfi.

Mutane da yawa suna kiran cutar sankarar mafitsara, sunan kuma ya zauna a baki, amma ba mafitsarar ce ke da ciwon ba. Furostet wata 'yar gaɓa ce da maza kaɗai ke da ita, nauyinta kimanin giram 20 a jikin saurayi, tana zaune a ƙarƙashin mafitsara ta yi wa bututun fitsari zobe. A bayanta akwai ƙarshen hanji, babu abin da ya raba su sai ɗan tantani. A ƙasanta akwai tsokar da ke riƙe fitsari, a gefunanta biyu kuma wasu siraran jijiyoyi ne suka manne mata, su ne ke kai saƙon da ke sa gaba ya miƙe. Mafi yawan illar da za a ambata nan gaba daga waɗannan maƙwabtan take fitowa, domin wuƙa ba ta isa furostet sai ta gogi tsokar da jijiyoyin, haske kuma ba ya isa gare ta sai ya lashi mafitsara da hanji.

Kafin a yi maganar zaɓi sai an duba takardar sakamako, domin ita ce ke nuna hanyoyin da ke buɗe da waɗanda suka rufe. Abu uku likita ke nema a cikinta. Akwai adadin PSA, wani sinadari da furostet ke zubawa cikin jini. Akwai inda ƙullutun ya kai, ko yana ciki ko ya fara huda bawon furostet, wanda ake ganewa da yatsa da kuma hoton MRI. Sannan akwai wanda ya fi su nauyi, wato kamannin ƙwayoyin cutar a tsokar da aka ɗiba da allura aka duba. Ana ba su maki bisa ma'aunin da wani likitan Amurka, Donald Gleason, ya fito da shi a 1966, inda makin jimillar lambobi biyu ne na nau'in ƙwayoyin da aka gani, kuma a 2014 masana suka sake tsara makin zuwa rukuni biyar. Rukuni na 1 shi ne Gleason 6, na 2 shi ne 3+4, na 3 shi ne 4+3, na 4 da na 5 kuwa sun haɗa maki 8 zuwa 10. Ina roƙon mai karatu ya lura da bakwai ɗin nan guda biyu, domin ko da yake jimillarsu ɗaya ce, lambar farko ita ce nau'in da ya fi yawa a tsokar, kuma 4 ta fi 3 mugunta. Idan PSA bai wuce 10 ba, makin 6 ne, ƙullutun kuma ƙarami ne a ciki, haɗarin ƙarami ne. PSA tsakanin 10 da 20 ko maki 7 matsakaicin haɗari ne, abin da ya haura haka kuma babba ne.

Hujja mafi ƙarfi a wannan kwatancen ta fito ne daga Birtaniya, daga binciken da ake kira ProtecT. Tsakanin 1999 da 2009 an auna PSA na maza fiye da 82,000 masu shekara 50 zuwa 69, kuma daga cikin waɗanda aka samu da cutar tana wuri ɗaya, 1,643 suka yarda a raba su da ƙuri'a gida uku: 545 a sa musu ido, 553 tiyata, 545 gashi. A 2023 aka fitar da sakamakon shekara 15. Waɗanda sankarar ta kashe mutum 45 ne, 17 a gidan sa ido, 12 a gidan tiyata, 16 a gidan gashi, wato kashi 3.1 da 2.2 da 2.9 cikin 100, tazarar da ba ta kai a kira ta bambanci na gaske ba. Ke nan kusan mutum 97 cikin 100 ba wannan cutar ce ajalinsu ba a tsawon shekarun nan, ko wace hanya aka bi da su. Inda bambancin ya fito fili shi ne a yaɗuwar cutar zuwa kaluluwa ko ƙashi ko wani sashe na jiki, wadda ta kai kashi 9.4 a gidan sa ido, 4.7 a gidan tiyata, 5.0 a gidan gashi. Wannan ya sauya tambayar baki ɗaya. Ga mafi yawan masu cutar a matakin farko, abin da ake aunawa shi ne irin nauyin da mutum zai ɗauka, da lokacin da zai fara ɗaukarsa.

Sa ido ba sakaci ba ne, kuma ba ɗaya yake da abin da ake yi wa dattijo mai rauni ba, wanda ake bari sai alamu sun bayyana a ba shi maganin da zai sauƙaƙa masa. A nan niyyar warkarwa tana nan daram, ana jinkirta ta ne har sai cutar ta nuna tana buƙata. Ana auna PSA duk wata uku ko huɗu a shekarar farko, daga baya duk wata shida, ana sake hoton MRI, ana kuma sake ɗibar tsoka lokaci zuwa lokaci, kuma da zarar makin ya hau ko ƙullutun ya girma sai a koma tiyata ko gashi tun hanyar ba ta rufe ba. A Toronto ta Kanada, Dokta Laurence Klotz da abokan aikinsa sun bi maza 993 a kan wannan tsarin, kuma a rahotonsu na 2015 mutum 15 ne cutar ta kashe. Shi ma kashi 9.4 na ProtecT yana buƙatar a fahimce shi a muhallinsa, domin bibiyar wancan lokacin kusan duk da PSA kaɗai ake yin ta, ba tare da hoton MRI da maimaita ɗibar tsoka irin na yau ba, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na mazan haɗarinsu matsakaici ne ko babba tun farko.

Duk da haka hanyar tana da nata nauyin, kuma a zuciya take ɗora shi. Akwai mutumin da zai ba da jini da safe ya koma aikinsa ya manta. Akwai kuma wanda tun saura mako guda barci ke ƙaurace masa, idan ya karɓi takarda ya ga 5.8 ya zama 6.3 sai hannunsa ya ɗauki rawa, alhali irin wannan hawa da saukar ko kumburi ko ciwon sanyin fitsari yana iya jawo shi. Ita ma ɗibar tsoka ba daɗi gare ta ba, tana sa jini a fitsari da maniyyi na ɗan lokaci, wani sa'in ma da zazzaɓi. Haka kuma ba kowa ke tsira daga magani har abada ba: a ProtecT kimanin kashi 61 na gidan sa ido sun ƙare da tiyata ko gashi, kusan kashi 24 ne suke raye ba a taɓa yi musu komai ba. Amma ko wanda aka yi wa bayan shekara shida ko bakwai, ya ci waɗannan shekarun da fitsarinsa da ƙarfinsa cikakku, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce. Sharaɗin da ba na sassautawa a kai shi ne cika alkawari. Wanda ya san ba zai riƙa zuwa gwaji a kan kari ba, ko ba shi da inda zai sami hoton MRI da ɗibar tsoka, abin da zai yi ba sa ido ba ne, watsi da cuta ne.

Tiyata tana cire furostet gaba ɗaya tare da jakunkunan maniyyi, wani lokaci da kaluluwar da ke kusa, sannan a ɗinke mafitsara da bututun fitsari. A 1982 ne Dokta Patrick Walsh na asibitin Johns Hopkins ya fara yin ta ta yadda za a ɓamɓare jijiyoyin gaba a bar su, kuma ana yin haka har yau idan ƙullutun bai matso kusa da su ba. Ana iya yin aikin a buɗe, ko ta ƙananan huduwa, ko da na'urar da likita ke sarrafawa daga gefe. Na'urar tana rage zubar jini da kwanakin asibiti, amma wani bincike da aka yi a Brisbane ta Ostireliya, wanda ya kwatanta ta da aikin buɗewa, bai ga bambanci a riƙe fitsari ko ƙarfin gaba ba bayan shekara biyu. Hannun likitan da yawan aikin da ya yi sun fi na'urar muhimmanci.

Ana sallamar mutum da robar fitsari a jikinsa, ta yi mako ɗaya ko biyu. Ranar da aka cire ta ce mutane da yawa ba sa mantawa, domin yana miƙewa daga kujera sai ya ji ɗumi yana bin cinyarsa ba tare da ya ji marar sa ta cika ba, kuma tari ko dariya ko ɗaga wani abu duk suna sa fitsarin ya zubo. Ga mafi yawa abin yana raguwa a hankali cikin watanni, daga ƙunzugu huɗu ko biyar a yini zuwa ɗaya, har zuwa babu. A ɗaya gefen tiyata tana ba da abin da sauran ba sa bayarwa. Ana duba furostet ɗin dukanta a san ainihin makin cutar da iyakarta, PSA yana faɗuwa zuwa kusan sifili cikin mako shida zuwa takwas, kuma idan daga baya ya kai 0.2 an san cutar ta motsa tun tana ƙarama. Wanda fitsari ya daɗe yana masa gardama saboda girman furostet shi ma yakan sami sauƙi. Binciken ƙasashen Sikandinabiya, wanda ya ɗauki maza 695 tsakanin 1989 da 1999, ya nuna tiyata ta ƙara wa masu ita kimanin shekara 2.9 a kan waɗanda aka bari ana jira, sai dai mafi yawan waɗannan an gano cutarsu ne bayan ta yi girman da yatsa ke ji ko ta fara ba da alamu. Darasinsa shi ne, gwargwadon ƙarfin cutar da ƙuruciyar mai ita, gwargwadon amfanin cire ta.

Gashi ba ya buƙatar yanka ko allurar barci idan daga waje ake yin sa. Mutum yana zuwa da mafitsara a cike da hanji a wofi, domin a ɗan janye su daga hanyar hasken, ya kwanta rigingine ba motsi na 'yan mintoci, injin ya zagaya shi, ya tashi ya tafi bai ji komai ba. A da ana yin haka sau 37 cikin mako bakwai da rabi. Binciken CHHiP ya nuna a 2016 cewa zama 20 cikin mako huɗu yana aiki daidai da hakan, binciken PACE-B kuma ya nuna a 2024 cewa ga masu ƙarami da matsakaicin haɗari zama biyar kacal sun wadatar. Akwai kuma gashin ciki, inda ake dasa wasu 'yan ƙwayoyi masu fitar da haske, kowace kamar ƙwayar shinkafa, a cikin furostet, ƙarfinsu yana raguwa da rabi duk kwana 60 har ya ƙare. Wannan bai dace da mai babbar furostet ko wanda fitsari ke yi wa wuyar fita ba. Illar gashi a hankali take zuwa. Wajen mako na uku fitsari yakan fara zafi da yawan zuwa, bayan gida ya yi laushi, gajiya ta sauko, sannan su lafa bayan an gama. Wasu kuma sai bayan shekara ɗaya ko biyu suke ganin jini a bayan gida ko matsuwar da ba ta jira, kuma akwai ɗan ƙarin haɗarin wata sankarar a mafitsara ko ƙarshen hanji bayan shekaru masu yawa.

Abin da ake yawan mantawa a lissafin gashi shi ne allurar da ke raka shi. Tun 1941 Charles Huggins ya nuna cewa wannan sankarar da sinadarin namiji, wato testosteron, take rayuwa, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1966. Saboda haka masu matsakaicin haɗari da ya karkata zuwa sama ana haɗa musu gashi da allurar danne sinadarin ta wata huɗu zuwa shida, masu babban haɗari kuwa shekara ɗaya da rabi zuwa uku. Tana ƙara wa gashin ƙarfi ƙwarai, amma tana kashe sha'awa, tana kawo zafi da gumi da ke taso wa mutum farat ɗaya ko da tsakar dare, ga ƙiba da kasala da raunin ƙashi, kuma ko an daina jiki yana ɗaukar watanni kafin ya dawo. Duk wanda ke kwatanta gashi da tiyata ya fara tambaya ko da allura ne, kuma ta wata nawa.

Idan aka jera ukun kafaɗa da kafaɗa bisa abin da mazan ProtecT suka faɗa da bakinsu, hoton yana fitowa sarai. A wata na shida, kashi 46 na gidan tiyata suna sa ƙunzugu, gidan gashi kashi 5, gidan sa ido kashi 4. A shekara ta shida adadin ya koma 17 da 4 da 8. Ta fuskar ƙarfin gaba, kashi 67 ne ke da miƙewar da ta isa saduwa kafin a fara komai. A wata na shida ya zama kashi 12 a gidan tiyata, 22 a gidan gashi, 52 a gidan sa ido, a shekara ta shida kuma 17 da 27 da 30, kuma kafin shekara ta 12 tsufa ya kusan daidaita su duka a ƙasa. A hanji ne gashi ya fi cutarwa, domin a shekara ta 12 kashi 12 na gidansa suna fama da ɗigar bayan gida, sauran gidajen biyu kashi 6. Tiyata tana bugu da ƙarfi a farko sannan jiki ya riƙa farfaɗowa, gashi yana farawa da sauƙi sannan wani ɓangare na illarsa ya biyo baya.

Akwai kuma batun abin da za a yi idan cutar ta dawo. Wanda aka yi wa tiyata ana iya gasa gurbin daga baya, kuma aiki ne da aka saba. Wanda aka gasa kuwa, cire furostet ɗinsa yana da wuya saboda tabon da hasken ya bari, illarsa ta fi yawa, kuma likitoci kaɗan ne ke yin sa. Wannan hujja ce ta gaskiya, tana da nauyi ga mai shekara hamsin da 'yan kai, amma bai kamata ta zama ita kaɗai ce ma'auni ba, tunda hanyoyin biyu kusan daidai suke wajen warkarwa tun a karon farko. Su kuwa sababbin hanyoyin ƙona ƙullutun kaɗai da sauti mai ƙarfi ko daskarar da shi, illarsu kaɗan ce, amma ba su da shaidar shekara 15 irin ta waɗannan, shi ya sa hukumomin lafiya da dama ke cewa a yi su a ƙarƙashin bincike ko rajistar bibiya.

A ganina, mai rukuni na 1 da ƙaramin PSA wanda zai iya cika alkawarin gwaji, sa ido ne ya fi dacewa da shi, kuma ina baƙin cikin yawan mazan da suka rasa riƙon fitsarinsu saboda cutar da ba za ta taɓa kai su ƙasa ba. Mai 3+4 yana kan iyaka, idan nau'in 4 ɗin kaɗan ne ana iya sa masa ido sosai, idan yana da yawa gara a yi magani. Daga 4+3 zuwa sama, ga wanda ake sa ran yana da shekara goma ko fiye a gaba, jira ba shi da wani amfani, zaɓin ya koma tsakanin tiyata da gashi, kuma a nan ne kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mai ƙuruciya da lafiya, ko mai toshewar fitsari, ko mai tsohon ciwon kumburin hanji, ya fi karkata ga tiyata. Mai ciwon zuciya ko huhu da allurar barci ke da haɗari gare shi, ko wanda yoyon fitsari ne abin da ya fi tsoro, ya fi karkata ga gashi. Ya kamata kuma a sani cewa mazan ProtecT kusan dukkansu fararen fata ne, alhali alƙaluman Birtaniya sun nuna baƙar fata ɗaya cikin huɗu ne ke kamuwa da cutar a rayuwarsa, ninki biyu na ɗaya cikin takwas da ake faɗa ga maza baki ɗaya. Wannan bai hana baƙar fata sa ido ba, amma shi da wanda cutar ta kama mahaifinsa ko ɗan'uwansa, da mai ɗauke da gadon BRCA2, wato wani lahani a ƙwayar halitta da ke ƙara haɗarin cutar, bibiyarsu tana buƙatar ƙarin tsanani.

Kada mutum ya yanke hukunci bayan ganin likita ɗaya. Likitan tiyata ya fi sanin wuƙarsa, likitan gashi ya fi sanin injinsa, kuma kowannensu da zuciya ɗaya yake yaba abin da ya ƙware a kai, saboda haka a ga su duka biyun. Ba rashin ladabi ba ne a ce, "Likita, irin wannan aikin guda nawa kake yi a shekara, kuma cikin waɗanda ka yi wa, nawa ne ke sa ƙunzugu bayan shekara ɗaya?" Ya kamata mai iyali ya tafi da matarsa, domin abin da za a rasa ko a tsira da shi nasu ne su biyu, kuma kunnen da bai firgita ba ya fi riƙe bayani. A faɗa wa likita gaskiyar yadda ƙarfin gaba yake tun yanzu, domin wanda ya shiga da rauni ba zai fito da ƙarfi ba, kuma magunguna irin su sildenafil suna aiki ne idan jijiyoyin suna nan. Wanda ya zaɓi tiyata ya fara motsa tsokar riƙe fitsari makonni kafin ranar aikin, yana matse ta kamar mai tsayar da fitsari yana saki sau da yawa a yini. Wanda kuma yake da sauran burin haihuwa ya faɗa tun kafin a taɓa shi, domin bayan tiyata jin daɗin saduwa yana iya dawowa amma maniyyi ba ya sake fita, gashi ma yana rage shi ƙwarai yana kuma lalata ƙwayoyinsa, kuma ajiye maniyyi a daskare sai kafin a fara magani ake yin sa.